Turancin Bakinmu Da Turancin Takarda



Da yawa daga cikinmu in aka tambaye su ko suna jin Turanci, sai su yi dariya su ce ko zo in kashe ka ba su sani ba. Alhali kuwa daga hantsi zuwa la'asar mutumin nan ya yi Turanci ya fi a ƙirga. Ya kira lori, ya yi lodi, ya biya kamasho, ya karɓi cek, ya nemi rasit, ya ce a cika masa balas. Duk waɗannan kalmomin Ingilishi ne, sun shigo bakinmu sun zauna har mun manta baƙi ne. Wannan ba aibu ba ne, ai haka muka ari riba da asara da dillali daga Larabci. Inda gizo ke saƙar shi ne, kalmar da ta daɗe a baki takan sauya hali, ta ɗauki ma'anar mutanen da take zaune a cikinsu, ita kuwa wadda ke kan takarda tana nan yadda Bature ya bar ta. Ranar da magana ta kai gaban banki ko alƙali ko ma'aikacin kwastan, ta takarda ake bi, ba mai tambayar abin da ka nufa a zuciyarka.

Mu Hausawan Jazira da Nil Azrak abin ma ta ƙofa biyu ya shigo mana. Kakanninmu da suka baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka kafa garinsu kusa da Sinnar, ba su zo da Turanci ba, gudun masu shi ma suka yi. Amma waɗanda suka biyo bayansu a kan hanyar hajji sun zo da sule da fam da tasha da direba irin na Kano. Da suka iso kuma sai suka tarar Ingilishin ya riga su zuwa, ya shiga bakin Larabawa ya fito da wata kama. Shi ya sa kalma ɗaya takan haɗu da 'yar'uwarta a kasuwarmu ba su gane juna ba. Ɗan kamasho na tashar Kano da kumsanji na tashar Madani uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tirela ita ce tirilla, safaya ita ce isber. Motar a-kori-kura da muke kira bokis, akwati ke nan da Turanci. In taya ta fashe mu nan mukan nemi mai banshar, wato mun ari sunan hudar, mutumin Kano kuwa ya nemi mai faci, shi ya ari sunan maganin. Irin waɗannan ba su da haɗari, iyakarsu a yi raha a wuce.

Aikin Jazira ma ya bar mana nasa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, kamfanin Ingilishi ne ya riƙe aikin auduga har 1950, kuma har yau babbar hanyar ruwa kanar muke ce mata, wadda ta ɓalle daga jikinta kuma mejar. Amma wadda ta fi zama mana a rai ita ce kambo. A Turanci ma'anarta wurin da aka yada zango na ɗan lokaci, a kwana biyu a tashi. Da wannan suna aka kira matsugunan 'yan ƙwadago da suka zo cirar auduga, Hausawa da mutanen Darfur da sauransu. Yau ga mutane an haifi kakansu a kanabi, an binne shi a nan, amma sunan yana nan yana cewa baƙi ne masu shirin tashi, kuma duk wanda ya taɓa nema wa kambo takardar fili ko makaranta ko famfo ya san nauyin kalmar.

Wani zai ce ai muna da 'ya'ya a makaranta, su karanta mana. To, tun 1990 aka mayar da karatun jami'o'in Sudan da Larabci, na sakandare kuwa tun kafin nan, saboda haka yaron da ya gama makaranta ba lallai ne ya iya warware takardar kwangila ba, sai dai kunyar cewa bai gane ba ta sa ya yi maka fassarar kame-kame. Takardun kuwa ba raguwa suke ba. Sudan ta Kudu tun da ta ɓalle a 2011 Turanci ne harshen hukumarta. Mai shiga Habasha ta Gallabat da Matamma zai ga takardu da harshen Amhara da Turanci. Wasiƙar banki ta ƙasa da ƙasa, takardar jirgin ruwa, kwalbar magani, duk da shi suke zuwa.

Bari mu fara da kuɗi, tunda don su muke kwana a kan hanya. Junaih ɗin da ke aljihunmu, sunansa ma daga Ingila ya zo. Asalinsa gini, wani kuɗin zinariya da aka fara bugawa a 1663 da zinariyar da suke ɗebowa daga gaɓar Gini, can yammacin Afirka gefen ƙasar kakanninmu. Darajarsa ta tsaya a sule 21, fam kuwa sule 20. Abin da zai ba ku sha'awa, har yau a Ingila in ana gwanjon dawakan asali da bijimai da ragunan iri, da gini ake taya su ko da yake kuɗin ya daɗe da ɓacewa, kuma bisa al'ada sulen nan ɗaya da ya hau kan fam shi ne la'adar mai gwanjo. Ka ga ashe su ma suna da dillalai, kuma su ma ba sa aikin banza.

To amma in aka zo rubuta junaih da Turanci, fam ake rubutawa, wato pound, kuma fam ba ɗaya ba ne. Akwai namu, akwai na Masar, akwai na Sudan ta Kudu, akwai na Ingila. Abin da ke raba su a takarda haruffa uku ne: SDG namu, EGP na Masar, SSP na Kudu, GBP na Ingila. Wanda ya sa hannu a takardar da aka rubuta fam zalla babu haruffan nan, ya bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya fi shi wayo. Haka sefa, XAF ta Cadi ce, XOF ta Nijar, darajarsu ɗaya a hukumance amma ba a kashe ta wannan a kasuwar waccan. Dattijon Kano kuwa fam a wajensa naira 2 ce, domin haka aka canza ranar 1 ga Janairu 1973, jaka kuma fam 100, wato naira 200. Ka haura Maraɗi, jikka sefa 1,000 ce. Dala a bakin Bakano kuɗin Amurka ce, a bakin mutumin Damagaram sefa 5 ce, wadda mutanen Cadi ke kira riyal, alhali riyal a wajen mai kai raguna Jidda wani abu ne daban.

Amma babu kalmar da ta kai miliyan haɗa mu faɗa da baƙi. A Turanci miliyan dubu sau dubu ne, ɗaya da sifiri shida, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A Sudan kuwa an canza kuɗi a 1992 aka kawo dinari, aka sake canzawa a 2007 aka dawo da junaih, sabo ɗaya a madadin tsoho 1,000. Sifiri uku sun fita daga takardar kuɗi amma ba su fita daga bakin mutane ba. Shi ya sa in ɗan kasuwa ya ce miliyan, sau da yawa dubu yake nufi, in ya ce milyar, miliyan yake nufi. Shi kuwa milyar in aka juya shi da Turanci biliyan ne. Na taɓa zama a kan wani ciniki tsakanin wani falke da ya zo ta Cadi da wani mai turke, yaron da ke musu tafinta ya ji milyar ya ce biliyan, sai baƙon ya miƙe tsaye yana salati, ya ce shanu ake sayarwa ko jirgin sama? Wannan ya ƙare da dariya, domin kuskuren ya yi girman da ba ya ɓoyuwa. Wanda ba ya ƙarewa da dariya shi ne na bashi, a yi shekara biyu mai shi ya rasu, magada su zo suna tambaya, miliyan ɗin nan da aka rubuta a littafi bil-gadim ne ko bil-jadid? Ni dai a ganina duk kuɗin da ya wuce na rago ɗaya a rubuta shi da lamba, a ƙirga sifirin da yatsa, a sake rubuta shi da kalmomi. A kuma lura da waƙafi: a takardar Ingilishi 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a takardar Faransanci irin ta Cadi da Nijar ɗaya da rabi ne.

Rasit kuma, wanda wasu ke cewa rasidi, yana da sako a Larabci da ba su haɗa komai ba. Bahaushen Nijeriya in ya ce a ba shi rasidi, shaidar biya yake nema. Balaraben Sudan in ya ji rasid, abin da ya rage a asusu yake ganewa, wato abin da Turanci ke kira balas. Shaidar biya a nan isal ce, ta hukuma kuwa Urnik 15, wadda aka mayar ta na'ura a 2015, kuma kuɗin da aka karɓa a hannunka a bakin hanya babu ita, kai ma ka san inda suka nufa. Haka kiredit, a bakinmu bashi ne ko katin waya, a takardar banki kuwa kuɗin da suka shigo maka ne, debit su ne suka fita. In ka ga CR kusa da balas kai ke bin banki, in ka ga DR banki ke bin ka.

Sai cek, wanda a nan muke cewa shek. Wannan 'yar takarda ta kai dattawa da yawa gidan yari waɗanda ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba. A ma'anarsa ta asali cek umarni ne ga banki ya biya daga kuɗin da ke ajiye. Mu kuwa mun mai da shi takardar bashi, a ɗauki shanu yau a rubuta shek na wata biyu, da fatan kafin lokacin kuɗin Masar ko na Saudiyya sun dawo. Doka kuwa ba ta san fata ba. Sashe na 179 na dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ya mai da ba da shek marar kuɗi laifi, ba rigimar bashi kurum ba, kuma kowa a cikinmu ya san maganar nan ta kotu, yabƙa li hinis sadad, wato a ci gaba da tsare shi sai ya biya. A Nijeriya ma akwai dokar 1977 da ta yanka ɗaurin shekara biyu a kan wannan. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Suk al-Mawasir na Fashir a 2010, inda jama'a suka miƙa motoci da kaya suka karɓi shek na jinkiri da riba mai kauri, sannan aka wayi gari takarda ce kawai a hannunsu, ba sa bukatar wa'azi. A jikin cek ɗin akwai kalmomin da ya kamata a gane da ido ko ba a iya furta su ba. In an bar kalmar bearer, duk wanda ya riƙe shi banki zai biya, ko tsintarsa ya yi. In an ja layi biyu a kusurwa aka rubuta A/C payee only, ba a ba da kuɗi a hannu, sai dai su shiga asusun wanda aka ambaci sunansa. In banki ya dawo da shi da tambarin R/D, ko DAR kamar yadda bankunan Nijeriya ke yi, ladabi ne kawai na masu banki, cewa suke koma wajen wanda ya ba ka. Sa hannu a bayan cek don miƙa shi ga wani kuwa ba gaisuwa ba ce, ka shiga cikin lamunin ke nan.

Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, ciniki da yawa ya koma waya, ta Bankak na Bankin Khartum, har aka ga lokacin da sa ɗaya ke da farashi biyu, na kash da na Bankak. Mutanen Nijeriya suna cewa alat, mu muna cewa ish'ar. Ma'anar alat a Turanci faɗakarwa ce, labari ne cewa an yi abu, ba kuɗin ba ne, hoton da mai saye ya nuna maka a wayarsa kuwa ko labarin ma bai kai ba. In ka ga successful ya wuce, failed ya faɗi, pending yana rataye tsakanin sama da ƙasa. Kada igiya ta bar hannunka sai ka buɗe naka asusun ka ga balas ya motsa.

Kafin alƙalami, wanda Larabawa ke kira arbun, a takarda ko dai deposit ne ko advance, wanda muke cewa adibas, kuma ba ɗaya suke ba a wajen masu shari'a. Adibas yanki ne na kuɗin, in ciniki ya warware ana iya neman a mayar. Deposit kuwa, musamman in an liƙa masa non-refundable, ya tafi ke nan in kai ne ka fasa. Mu da muka yi karatu a kan mazhabar Malikiyya mun taso da sanin cewa arbunin da ake cinyewa bai halatta ba, amma Hanbaliyya sun halatta shi, kuma mutanen da muke kai wa raguna a Saudiyya akasarinsu a kan wannan suke. To a yi maganar tun kuɗi na hannu. A ƙasan takardar kuma akan bar layi biyu. Ɗaya an rubuta witness, shaida ke nan, ka gani da idonka, ba a bin ka komai. Ɗayan guarantor. Mu mun saba da damin na kasuwa, wanda ke tsayawa a kan cewa dabbar nan ba ta sata ba ce kuma ya san mai ita. Garanto na takarda ba haka yake ba, shi bashin ya ɗauka, in mai shi ya kasa, shi za a kama da gidansa da garkensa. Mutane nawa aka ce musu zo ka sa mana hannu kawai don albarka?

Sunayen dabbobin kansu ma a kula. Cattle shanu ne gaba ɗaya, livestock kuwa ya haɗa har da tumaki da awaki da raƙuma. Cow saniya ce mace, heifer karsana, bull bijimi, steer fiɗiyayye, calf maraƙi. Yaron makaranta duk abin da ke da ƙaho kaw yake ce masa, in ya rubuta haka a takardar fitarwa ya ce mata ka ɗauko, hukumomin Sudan kuwa sun daɗe suna tsaurarawa a kan fitar da matan dabbobi masu haihuwa. Mutanen Masar su kuma ijil suke ce wa san turke, in aka juya shi kai tsaye sai ya zama calf, alhali ba maraƙi suke nufi ba.

Mu a kasuwa da ido muke saye, mu shafa tozo mu duba haƙori. Mai kwangila da sikeli yake saye, kuma kilo ba ɗaya ba ne. Live weight nauyin dabba ne tana tsaye, carcass weight nauyin naman ne bayan an fitar da kai da fata da ƙafafu da kayan ciki. Sa mai kilo 400 a tsaye, abin da zai rataya a ƙugiya bai cika wuce kilo 200 zuwa 220 ba. To ka ga wanda aka taya masa farashin kilo bai tambayi wane kilo ba, yana iya zubar da rabin kuɗinsa da sa hannu ɗaya. A sikelin mota gross nauyin mota da kaya ne, tare nauyin motar ita kaɗai, net shi ne naka. A tambayi kuma inda za a auna, domin san da ya hau mota a Kamlin ba shi ne ke sauka a Wadi Halfa ba, hanya ta ci rabonta.

Masu kai kaya Sawakin su dubi haruffa ukun da ke bin farashi. Ƙa'idoji ne da ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai mazauni a Faris ta fara fitarwa a 1936, aka sabunta su a 2020. FOB na nufin kai mai sayarwa ka kai kaya har cikin jirgi a tashar da aka ambata, daga nan kuɗin jirgi da haɗarin teku na mai saye ne. CIF na nufin kai za ka biya kuɗin jirgi da inshora, amma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, haɗarin ya koma kan mai saye tun lokacin da kaya suka shiga jirgi, in wani abu ya faru shi zai bi kamfanin inshora. Wanda kuwa ya ɗora kaya da sunansa don wakilinsa ya sayar masa a Jidda, wannan ba FOB ba CIF, asara tasa ce daga turke har kasuwa. A watan Yuni na 2022 jirgin Badr 1 ya nutse a tashar Sawakin da tumaki wajen 15,800 a cikinsa, 'yan ɗaruruwa kawai aka tsamo da rai. A irin wannan rana tambayar farko ita ce, tumakin wa suka mutu? Amsar ba ta wajen wanda ya fi kuka, tana cikin haruffan nan da abin da aka rubuta a takardar inshora, domin ba kowace inshora ce ke ɗaukar mutuwar dabba a hanya ba, sai an ambata. Wasiƙar banki da ake kira LC, i'timad da Larabci, ita ma halinta daban ne: banki ba ya ganin rago, takarda yake gani. In a fasfo an rubuta Mohamed, a takardar jirgi Muhammad, a ta likita Mahamat irin rubutun Cadi, to a wajen banki mutum uku ne, kuma yana da ikon riƙe kuɗin sai an gyara.

Karantina ba ta Ingilishi ba ce tun asali, daga Italiya ta fito, daga kalmarsu ta arba'in, domin kwana 40 suke tsare jiragen ruwa lokacin annoba. Ingilishi ya ara, Larabci ya ara. Kakanninmu sun san ta da jikinsu a Sawakin kafin su haye, har akwai unguwa a Jidda mai wannan suna inda 'yan'uwanmu da yawa suka zauna. A takardun hukuma mahjar ake rubutawa. Kwanakin yanzu ba arba'in ba ne, ƙasar da za ta karɓi dabbobin ita ke yanka su kuma takan sauya, saboda haka kada a yi lissafin abinci da ruwa da na bara. A nan ne ake haɗuwa da kalmomi biyun nan masu ruɗi, positive da negative, ko alamar tarawa da ta ɗebewa. A maganar yau da kullum fozitib abin alheri ne. A ɗakin gwajin jini kuwa ma'anarsa kawai an samu abin da ake nema. In burusela ake nema, ciwon nan mai sa ɓari da Fulani ke kira bakkale, fozitib mugun labari ne, ragon ya tsaya ke nan. In kuwa ƙarfin rigakafi ake aunawa, fozitib ake so. Zazzaɓin wadi mutasaddi, wanda takarda ke taƙaitawa RVF, shi ya sa Saudiyya ta rufe ƙofa a 2000, ya kashe mutane a Jazira da Sinnar da Nil Abyad a 2007, ya sa aka sake rufe mana ƙofa a Oktoba 2019. Da aka buɗe, jiragen da aka riƙa dawo mana da su daga Jidda a 2020, hujjar da aka bayar ita ce rigakafin bai kama sosai a jinin tumakin ba. Saboda haka kafin a yi murna ko a yi salati, a tambayi likita me aka gwada. FMD kuma shi ne abu lisan, boru ke nan, CBPP abu ginit, ciwon huhu.

Sai kwalbar magani, wadda kusan kowannenmu ke ɗauke da ita a jaka ya zama likitan kansa. MFG ranar da aka yi shi ne, EXP ranar da ya mutu. I.M. a cikin tsoka, S.C. a ƙarƙashin fata, I.V. a jijiya, kuma wannan na ƙarshe a bar wa likita. In an rubuta pour-on, a gadon baya ake zubawa, ba a ɗurawa ba a yin allura da shi. Ml da cc, wanda muke cewa sisi, abu ɗaya ne. Ibamaktin na allura mai kashi 1 cikin 100, sisi 1 ne ga kowane kilo 50, a ƙarƙashin fata. Oksi mai kashi 20 da aka rubuta wa L.A., wato mai daɗewa a jiki, sisi 1 ne ga kowane kilo 10, can cikin tsoka, kuma ba daidai yake da mai kashi 5 ba ko da kwalaben sun yi kama. Rigakafi kuwa ba magani ba ne, lafiyayye ake yi wa, kuma mafi yawansa sanyi yake so tsakanin digiri 2 da 8, wanda ya wuni a gaban bokis cikin rana ya zama ruwa.

Can ƙasa da ƙananan haruffa akwai kalmar withdrawal. A banki ma'anarta cirar kuɗi, a jikin kwalba kuwa kwanakin da za a jira ne bayan allurar ƙarshe kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Wani maganin kwana 21, wani 28, wani ya haura wata, kuma na nama daban na nono daban, meat nama, milk nono. San da aka yi wa oksi ranar Asabar don ya yi kyan gani a kasuwa, aka yanka shi ranar Litinin, maganin na nan a cikin naman, kuma wurin allurar yakan fito da tabo a cinya, mahauci ya yanke shi ya jefar, ya cire kuɗinsa a ciniki na gaba.